Intafes: allo, mahaɗa, ko fuska?

1/ Ina cikin fassara wani rubutu kan jiragen ruwan yaƙi sai na ci karo da "human-centered interface design", wato tsara intafes (inda mutum ke gani, ji da taɓa na'ura) yadda zai dace da mai amfani da shi, na tsaya cak. 'Yan uwa masu fassara, ku zo mu haɗa kai.

2/ Ga abin da ya sa ba na son mu yi wa kalmar fassarar gaggawa. Ranar 3 ga Yuli 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka, USS Vincennes, ya harbo jirgin fasinjan Iran mai lamba 655 da makamai masu linzami biyu a mashigar Hormuz. Daga Bandar Abbas ya taso za shi Dubai. Mutum 290, ko ɗaya bai tsira ba. Sojojin suka ce sun zaci jirgin saman yaƙi samfurin F-14 ne yake sauko musu.

3/ Da aka bincika, na'urarsu ta Aegis, mai hango jirage da sarrafa makamai, ba ta yi ƙarya ba: bayanan da ta ajiye sun nuna jirgin hawa yake yi. Sai dai manyan allunan da kyaftin ke kallo ba sa nuna nisan jirgi daga ƙasa. Sai mutum ya leƙa wani ƙaramin allo, ya karanta lamba, ya riƙe ta a ka, ya sake leƙawa, sannan ya lissafa da kansa ko hawa ake ko sauka. Duk cikin minti bakwai, ana kuma musayar wuta da kwale-kwalen Iran. Ga shi an sauya wa jirgin fasinjan lambar shaidarsa a na'urar daga 4474 zuwa 4131, tsohuwar ta koma kan wani jirgi can nesa.

4/ To, a fassarar "interface", "allo" ya yi kaɗan, don akwai maɓallai da ƙararrawa da abin da ake ji a kunne. "Mahaɗa" ba laifi, amma kunnen Bahaushe mahaɗar hanya zai fara ji. Ni "fuska" na zaɓa. Mu ne muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Zuciyar Aegis ta san gaskiya, fuskarta ce ba ta nuna ba.

5/ Fassara "human-centered" da "mai mutum a tsakiya" kuwa, don Allah a bar ta, sai ka ce an yi wa ɓarawo ƙawanya. "Zane" ma, a madadin "design", ya tsaya kan takarda. "Ƙira" ta fi: maƙerin kirki sai ya dubi mai noma kafin ya sa wa fartanya ƙota.

6/ Shawarata: ƙirar fuskar na'ura daidai mai aiki. Gwaji: "Da an ƙera fuskar Aegis daidai mai aiki, da kibiya ɗaya mai kallon sama ta isa." Ta zauna a baki.

7/ Tana da tsawo, na sani, kuma "fuska" kan ɗauki ma'anar ɓangare, kamar "ta fuskar tsaro". Shi ya sa ban yarda a yar da "na'ura" ba. Wanda yake da gajeriya ya kawo.