Ƴata na son zuwa gasar hakaton a Yamai, bak kuma saura wata 3

Uwar Biyu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƴata tana tarminal D, ajin ƙarshe da ake rubuta bak, jarrabawar shiga jami'a, a nan Damagaram. Mushensu na lissafi ya haɗa su su 4 za su je Yamai gasar kwana 2 da ake ce wa hakaton, inda yara ke haɗa kai su ƙirƙiro abin da zai taimaka wa asibiti. Nasu saƙon waya ne mai tuna wa uwa ranar rigakafin jaririnta. Ci da kwana an ɗauke masu, kuɗin mota ne namu. Wanda ɗansa ya taɓa zuwa ya gaya mini, abin yana cinye lokacin karatu?

Ɗan Birni: Hajiya ki lissafa kuɗin otal tukuna, Yamai ba wasa ba.

Uwar Biyu: Ai na ce an ɗauke masu kwana, ƙanena.

Baban Yara: Hajiya, nawa ya je irinta bara. Sati 5 ba ya barci, shi ke rubuta komai a kwamfutar aro, in wuta ta ɗauke ya tafi shagon cajin waya ya zauna. Su 5 ne, amma 2 sai ranar tafiya aka gan su. Da aka zo gaban alƙalai, yaron da ya fi iya Faransanci aka tura ya yi bayani, shi aka ɗauka hoto, shi aka yi wa tafi. Nawa yana baya riƙe da igiyar caji. Kwamfutar da suka ci ta shiga ofishin makaranta, har yau ban ƙara ganinta ba. Ya dawo kwana 3 bai ci abincin kirki ba. Na biya jaka 30 mota zuwa da dawowa.

Ɗan Birni: Jaka 30? Ni jaka 24 na biya watan jiya.

Hajiyar Zango: Ku bar batun tikiti. Kilomita wajen 900 ne, da guzuri da kabu-kabu ba ta kashe ƙasa da jaka 40.

Tsohon Mushe: Alhaji, na ji zafinka, amma laifin mai haɗa su ne da bai raba aiki tun farko ba. Mai rubutu, mai zuwa tambayar ungozoma, mai bayani, kowa da sunansa a takarda. Shekara 28 na yi a aji, yaron da ya koyi jayayya da abokinsa ba faɗa ya samu abin da bak ba ta bayarwa.

Baban Yara: Mushe, kai albashi ka ci a kan ƴaƴan mutane, ni ɗana ne ya yi kuka. Masu ƴaƴa aka tambaya.

Na Kara-Kara: Su ƙirƙiro wanda zai tuna wa famfo ranar kawo ruwa, wallahi duk Damagaram za ta zaɓe su 😂

Majo: Ni a asibitin ƙauye nake, wajen Mirriya. Yawancin matan da ke kawo mini yara ba sa karanta saƙo, wayar ma ta maigida ce. Su yi na murya da Hausa da Barbarci. Kuma da damina, lokacin rabon maganin zazzaɓin cizon sauro ga ƴan ƙasa da shekara 5, ruwan wanke hannu ma saye muke.

Hajiyar Zango: Ku nawa ake sayar maku da jarka? Mu jiya mai kura ya ƙara kuɗi.

Uwar Biyu: Ranar Alhamis za a rufe rubuta suna fa.

Ɗan Birni: A Birni kwana 4 ke nan famfo ko ɗigo.