Tafiyar kwana uku a tsauni da keke: me zan gyara, me zan ɗauka?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Saura sati uku mu tashi, mu huɗu, tafiyar kwana uku da keke a cikin tsaunuka. Ba kwalta, daga tsakuwa sai duwatsu sai gangara. Wanda ya tsara tafiyar ya ce kullum za mu ci kamar kilomita 40, kuma ƙololuwar ta ɗara inda za mu bar mota da mita 1,200. Ni kuwa iyakacina yawon safe na awa biyu, ban taɓa kwana a hanya da keke ba. Keken shekararsa biyu, giya 11 a baya, ɗaya a gaba, birkin faifai mai aiki da mai, shokazoba a gaba kawai. Birkin baya yana ɗan kuka, cen ɗin kuma tun da na saya ban canja ba. Niyyata in zuba komai a babbar jakar goyo, in sayi sabon sirdi da sababbin takalma ana jibi tafiya. Don Allah ina zan fara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da birki. Hawa in ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Gangara kuwa in birki ya ƙi, ba ta jiran ka yi shawara.

Cire wilin, haska tocila ka duba takalman birkin. In naman da ya rage bai wuce milimita 1 ba, canja duka biyu, ka sa wasu a jaka, don taɓo da yashi suna cinye su a yini ɗaya. Kukan da kake ji sau da yawa mai ne ya taɓa faifan. Goge shi da sifirit, amma in takalmin ya riga ya sha mai, jefar da shi, wanki ba ya dawo da shi. Sabo kuma ba ya kamawa sosai sai ka horar da shi: ka ɗan yi gudu, ka matsa har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau 20. Faifan kamfanin Shimano yana zuwa da kaurin milimita 1.8, in ya sauka zuwa 1.5 ya gama aiki, a jikinsa ma an rubuta. In hannun birkin yana lotsewa kamar soso, iska ce a cikin man, a fitar da ita. A nan ka kula: Shimano man ma'adinai yake sha, wasu na kamfanin SRAM kuma wani man birki daban da ake kira DOT. Ka karanta murfin tankin. In aka zuba wanda ba nasa ba, robobin ciki kumbura suke yi su lalace.

Cen kuma ka auna shi, kada ka yi kirdado. Cikakkun gaɓoɓi 12, daga fil zuwa fil, inci 12 ne cif a sabon cen. In ya ɗara da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ya miƙe da rabin kashi cikin ɗari, kuma nan ne iyakar cen mai giya 11. Shekara biyu ba canji, ina jin ya wuce nan, ƙila har ya ci haƙoran giyar baya. In ka ɗora sabon cen yana tsalle idan ka danna feda da ƙarfi, to su ma sai an canja.

Mai Gangara:
Abin da Baba ya faɗa ba ƙari. Ni maganar jakar nan ce ta tsaya min. Na taɓa yin irin wannan ganganci, na goya kilo 11. A hawa kafaɗa ce ta ji jiki, a gangara kuwa duk sanda wilin gaba ya faɗa rami sai jakar ta taho ta daki ƙeyata, hular kwano ta rufe min ido. Da yamma ko cokali na kasa ɗagawa da kyau. Ka bar keken ya ɗauki kayansa. Masu nauyi, irin su kayan gyara da ruwa, a jakar da ake ɗaurewa tsakiyar firam, ƙasa-ƙasa. Bargon kwana da tanti a jikin kan keken, wato inda kake riƙewa, ko ƙarƙashin sirdi. A bayanka ruwa da rigar ruwa kawai. Duk inda igiya za ta goga firam ka naɗa tef tukuna, in ba haka ba ƙura da girgiza za su ci fentin.

In ka gama lodi, sake saita shokazoba. Ka hau da duk kayan, ka ga ya nutse kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tsawon tafiyarsa. In ya wuce, ƙara iska da ƙaramin famfonsa, ba famfon taya ba.

Sabon sirdi ana jibi tafiya kuwa, rufa wa kanka asiri. Sirdi da takalmi sai an zauna da su ake sanin halinsu. Ko ka saya yau ka yi sati biyu a kai, ko ka tafi da tsohon da jikinka ya saba.

Ɗan Ƙaya:
Ba wanda ya taɓo taya. Ka mayar da su tubles, ka zuba ruwan toshe huda. Ƙaya ta soke ka ma ba za ka sani ba, kuma za ka iya rage iska zuwa psi 24 ko 26 a ma'aunin famfo, taya ta riƙe dutse da kyau. Da tif, in ka rage haka, dutse ɗaya zai matse shi da rim ya yi maka huda biyu jere kamar saran maciji.

Tsohon Bakanike:
Ɗan Ƙaya, gaskiyarka, amma da sharaɗi. Sai in rim da tayarsa na tubles ne, kuma a yi aikin cikin satin nan don a ga ko yana sace iska cikin dare. Ko ya yi, tif ɗaya ko biyu dole a jaka. Ruwan nan ƙaramar huda yake toshewa, dutse ya tsaga gefen taya ba ruwansa. Na taɓa cusa gutsuren tsohuwar taya ta ciki, na sa tif, a haka muka fita daji. Shi ya sa kullum akwai gutsure kamar tafin hannu a jakata. Kuma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, masu shi ku girgiza wili ku saurara.

Ɗan Ƙaya:
Na yarda da tif a jaka, Baba. Amma ya duba bawul ɗinsa ya dace da ramin rim da bakin famfo. Siririn daban, mai kauri irin na mota daban.

'Yar Tsauni:
Sannunku. Ɗan'uwa, duk sun yi ta keke, ni bari in yi ta mai keken. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan ƙololuwarku za ta fi ƙasa sanyi da kusan digiri 8, ga iska, ga ka jiƙe sharkaf da gumi, sannan ka kama gangara ba ka murza feda. Nan ne yatsu ke ƙagewa su kasa matsa birki. Rigar tare iska da safar hannu mai rufe yatsu su kasance inda hannu zai kai ba tare da an kwance kaya ba. Rigar auduga ka ajiye ta sai wurin kwana, tana riƙe gumi.

Ruwa ka lissafa aƙalla rabin lita a awa, ranar zafi ya fi haka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba za ka iya ɗaukar na kwana uku ba, don haka ku san inda rafi yake tun daga gida, ku riƙe matata ko ƙwayar tsarkake ruwa. Taswira ka sauke ta cikin waya tun akwai intanet, a kwari sabis ɓacewa yake. Ku bar wa wani a gida hanyar da za ku bi da ranar dawowa. Hular kwano kuma in ta taɓa buguwa da ƙarfi canja ta, ko ba ka ga tsaga ba, soson ciki sau ɗaya yake aikinsa.

Mai Gangara:
Na manta abu ɗaya. Ɗan ƙarfen nan da na'urar canja giya take rataye a jikinsa, ka nemi irinsa ka riƙe. An yi shi da laushi da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye maimakon firam. Iri-iri ne, na abokinka ba lallai ya shiga naka ba. Wani abokin tafiyarmu ya kwanta ta ɓangaren dama a kan dutse, faɗuwar ma ba ta kai a ce sannu ba, amma da ya sa giya mafi sauƙi sai na'urar ta shige cikin wili. Awa huɗu muna turi. Ka haɗa da mahaɗin cen na giya 11, abin yanke cen, alanki, faci, man cen da igiyoyin roba masu zugewa.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, na auna cen, ya wuce iyakar da ka faɗa, takalmin birkin baya kuma ƙarfe ya kusa fitowa. Na canja su jiya. Sirdi na fasa. Yau na ɗaura kayan duka na hau tudu mafi tsayi da ke kusa da mu, sai ga jakar ƙarƙashin sirdi tana gugar taya a kowane rami, giya ta uku kuma tana tsalle. A gangara hannuna ya gaji don riƙe birki na yi tun daga sama har ƙasa, faifan har wari yake.

Tsohon Bakanike:
Madalla, gara da ka gani a gida. Tsallen nan giyar baya ce ta cinye, canja ta. Birki kuma kada ka riƙe shi ɗungurungum, zafi ne ke taruwa har ya daina kamawa. Ka matsa sosai kafin kwana, ka saki ya sha iska, da yatsa ɗaya a kowane hannu, kuma ka ba na gaba aikinsa, shi ya fi ƙarfin tsayarwa. In faifan gabanka na milimita 160 ne, sa na 180 tunda ga kaya, amma duba ko cokalin gaban, wato shokazoban da ke riƙe wilin gaba, ya yarda da girman. Ka rage kayan jakar bayan, ka ƙara ɗaure ta, Asabar ka sake hawa tudun nan ka zo ka ba mu labari.