Wace kalma za mu ba proposition a manɗiƙin Girkawa?

1/ Malamanmu na Hausa da na zaure, ku kawo ɗauki. Ina shirya darasi kan manɗiƙin Aristotal, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira proposition, shi kuma ya kira shi apofansis.

2/ "Jimla" ce ta fara zuwa mini, amma ta yi faɗi. Aristotal da kansa (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya ce addu'a magana ce, sai dai ba a ce mata gaskiya ko ƙarya. "Allah ya kawo ruwa" jimla ce. "An yi ruwa jiya" ita muke nema, don ana iya gaskata ta ko a ƙaryata ta. Tambaya da umarni duk suna waje.

3/ "Iƙirari" yana warin kotu. "Da'awa" kuwa, rabin masu karatu wa'azi za su ji.

4/ Ni dai na karkata ga ƙaliyya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Sullam, littafin manɗiƙi na Ahlari, ya san ta. Asalinta ƙadiyya ce ta Larabci, bakinmu ya mai da harafin lodi (ض) ya koma "l", kamar yadda ya yi wa alƙali, tushensu ma ɗaya ne. Ma'anar ta zauna daram: hukunci ake yankewa, abu kaza haka yake ko ba haka yake ba. Ba baƙuwa ba ce a nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Rumfa, ya yi rubutu kan manɗiƙi, har ya kare shi daga sukar Suyuɗi.

5/ Rabe-rabenta kuwa Hausa ta ishe mu. Tabbatacciya da korarriya, kamar a nahawu. Gama-gari: "kowane mutum mai mutuwa ne." Ta sashe: "wasu mutane masu adalci ne." Sai wadda ba ta da "kowane" ba ta da "wasu", irin misalin Aristotal, "jin daɗi ba alheri ba ne." Larabawa sun ce muhmala, ni na ce sakakkiya.

6/ Su Kirisifus, mutanen Sitowa (wata makarantar falsafa ta Girkawa), aksiyoma suke ce mata, kuma su suka zurfafa kan mai sharaɗi: "in rana ce, akwai haske." A wajensu abin da lafazi ke ɗauke da shi ne ke zama gaskiya ko ƙarya, ba lafazin ba. Nan ma jimla ta sake faɗuwa.

7/ Ƙaliyya zan rubuta a darasin. Sakakkiyar ce har yanzu ba ta kwanta mini ba; mai wadda ta fi ta, ya ajiye mana a ƙasa.