Wa aka taɓa yi wa maganin jan haske a nan Legas?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A sashen gashin ƙashi an ce za a riƙa haska wa Baba jan haske a gwiwa, sau uku a mako. Ni dai abin ya ɗaure mini kai, fitila ce za ta taɓa ciwon da ya shekara biyu? Wanda aka taɓa yi wa ya ba mu labari.

Ɗan Mile 12:
Wa alaikumus salam Hajiya. An yi mini a kafaɗa, bayan buhunan albasa sun kusa gamawa da ni. Ɗan abu ne kamar tocila, a ba ka baƙin tabarau, a manna shi a fata 'yan mintuna. Ko ɗumi ban ji ba, har na zaci kuɗina ake ci. Sai a zuwa na biyar na sa riga ban cije leɓe ba. Amma har da motsa jiki suka haɗa mini, ba zan ba hasken ladan duka ba.

Nas Rabi, Idi-Araba:
Ai ba gashi ba ne, Malam, shi ya sa. Cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai mitokondiriya, wato injin da ke samar mata da ƙarfi. Wani sinadari a cikinsa yana shan hasken ja da na kusa da shi, tsakanin nanomita (ma'aunin tsawon zangon haske) 600 zuwa 1000, sai ƙarfin ya ƙaru, jini ya fi gudana, kumburi ya sauka. Wani likita a Hangare, Endre Mester, ya gano abin a 1967, da ya ga gashin ɓerayen da ya aske ya haska yana saurin tsirowa. Inda na gani da idona shi ne gyambon baki na masu shan maganin ciwon daji. Kuma yana da awo, in ya yi yawa amfanin ya tafi.

Baba Alaba Rago:
Wannan awon ne ya kayar da ni. Na sayi jar fitila a kasuwa, mai shago ya rantse irin ta asibiti ce. Ashe ta zafi ce. Na kwana da ita a gwiwa, na tashi da bororo.

Maman Hanifa:
Subhanallahi, sannu Baba. Nas, Babanmu yana da ciwon suga fa, ba matsala?

Nas Rabi:
Ki faɗa musu tun kafin a fara, kuma kada ya bar maganinsa. Ku fita da asuba, kin san cunkoson Oshodi.