Sankarar bakin mahaifa: me ke sa ƙwayoyin su saki juna su bazu?

Hadiza, ɗalibar ungozoma, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da na 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. To me ya sa wata mace ke shekara 15 ko 20 abin yana kwance a saman fatar bakin mahaifa, sannan ya nutsa ciki? Mene ne ke canzawa?

Lokotoro Mamman:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ke canzawa shi ne riƙon da ƙwayoyin fatar suka yi wa juna. Akwai furotin mai suna E-kadarin da ke tsaye a jikin kowace ƙwaya, yana kama ɗan'uwansa na maƙwabciya, kuma sai da kalsiyam yake kamawa. Ta ciki yana ɗaure da furotin beta-katenin, ita kuma ta haɗa shi da ƙashin ƙwayar. Kamar laka ce tsakanin tubali.

HPV na da furotin biyu masu ɓarna. An fi sanin E6 da rusa p53, E7 kuma da kama Rb, wato furotin biyu masu hana ƙwaya yawaita barkatai, amma ba nan suka tsaya ba. E7 na zuga sinadarin DNMT1 ya toshe CDH1, ƙwayar gadon da ke sarrafa E-kadarin, sai ya yi ƙaranci. E6 kuwa yana cinye furotin irin su DLG da MAGI-1 masu tsare ɗinkin ƙwayoyi. Da riƙo ya saki, ƙwayar ta sake siffa, ta fito da wani nau'in kadarin mai suna N-kadarin, ta sami damar rarrafe. Ƙwayoyin Langarhans masu gadin fata ma da E-kadarin suke maƙalewa a wurin, don haka suna raguwa, cutar ta samu sakewa.

Malam Sani, ɗakin awo:
Lokotoro, bari in ƙara kaɗan. Sakin juna kaɗai bai isa ba. Ƙarƙashin fatar akwai siririyar shimfiɗa ta kolajin nau'i na 4. Muddin ba a huda ta ba, ko an kai CIN 3, matakin ƙarshe na lalacewar fatar kafin sankara, ba ta zama sankara mai ci ba. Sinadaran MMP-2 da MMP-9 ne ke narka ta, furotin intagirin kuma su riƙe sabon wuri ƙwayar ta ja jiki, ta faɗa hanyoyin limfi zuwa kaluluwar ƙugu.

Kada dai a ɗauka awon E-kadarin ake yi kullum. Furotin p16 da Ki-67 aka fi nema a tsokar. Ku masu yanko tsoka don awo, ku jefa ta nan take cikin fomalin mai kashi 10, ruwan ya ninka tsokar sau 10, ta kwana tsakanin awa 6 da 72. A zafin Maradi, tsokar da aka bari kan auduga ko cikin ruwan gishiri tana ruɓewa kafin ta kai Yamai, launin awo ya ƙi kamawa. Kuma a yanko da ɗan zurfi: in babu naman ƙasa, ba mai iya cewa an huda shimfiɗar.

Hajiya Rabi, ungozoma:
'Yata, ga inda abin ya shafe ki. Kafin a huda shimfiɗar, ruwan tsami mai kashi 3 zuwa 5 na nuna wurin fari bayan minti 1, kuma ƙonawa ko yanke wurin yana wadatarwa. In an huda ta kuwa, sai tiyata ko gashin haske. In kika ga bakin mahaifa yana marmashewa, yana jini da an taɓa, ko matar ta ce tana jini bayan saduwa, kada ki ƙona, ki tura ta a yanko tsoka. Mai HIV kuma kada ki jira mata shekara 15, nata kan yi cikin 5 zuwa 10.