Wayar tebur na fito a gwajin 61000-4-3, ta ina RF (siginar rediyo) ke shiga?

Mai Soldarin:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wata wayar tebur ta hana ni barci. Kamfaninmu na son shigar da ita Turai, muna son ta ci EN 55035, ma'aunin jure katsalandan ɗin sigina, kafin a manna mata CE, tambarin cika ƙa'idar Turai. Gwajin kebul, wato 61000-4-6 daga 150 kHz zuwa 80 MHz, ta wuce lafiya lau. Amma a gwajin 61000-4-3, da aka sa ta gaban eriya mai watsa RF a ƙarfin 3 V/m, da AM kashi 80 a 1 kHz (wato an ɗora sautin 1 kHz a kan siginar), sai fito ya cika sifikar kunne tun daga wajen 140 har 170 MHz. Na liƙa ferrite, zoben da ke rage RF, a igiyar layi, ko gezau. Ɗakin gwajin kuma da awa ake biyan sa, oga ya fara harara ta. Ina zan fara dubawa?

Baba Eriya:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Kafin ka tuhumi waya, tuhumi kayan awonka. Makirfon da kake auna ƙarar da shi, a cikin ɗakin yake? In haka ne, shi kansa yana iya shan RF ya fitar da 1 kHz ɗin, ka ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Mu bututun roba muke sa wa a bakin sifika, ya kai sautin waje, can makirfo yake. Toshe bututun, ka sake bi ta zangon. In fiton na nan, wayarka ba ruwanta. Akwatin da ke ba layin wuta ma a waje ya kamata ya zauna, da matattarar RF a inda kebul ya huda bango.

Mai Soldarin:
Baba, da bututu muke aunawa. Na toshe, tsit. Na kashe AM na bar siginar zalla, nan ma tsit.

'Yar Lab:
To Malam, wayar ce, wani abu a cikinta na aikin diyod yana tatso sautin daga siginar, kamar rediyon AM. Kuma ka sa ferrite a inda ba a nan ciwon yake ba. Rubu'in tsawon zango a 150 MHz rabin mita ne kacal, igiyar hannu mai murɗe, ta abin da ake karawa a kunne, kuwa tana kusa da haka in ta rataya. Ita ce eriyarka. Na fi zargin ɗan taransistan da ke cikin makirfon hannu: can ake tatso sautin, sai ya dawo kunne ta hanyar da kake jin muryarka in kana magana. Cire makirfon ka sa rasista a gurbinsa, ka gani. In fito ya mutu, sa kafasita kamar 1 nF a kan ƙafafun makirfon kansa, ba can kan bod ba, ƙafafun kuma gajeru ƙwarai. Ka ƙara 33 pF kusa da shi, don ranar da wani zai ajiye salula kan tebur ka ji gurnanin 217 Hz na GSM.

Baba Eriya:
Gaskiyarki, 'yata. Sai dai Injiniya, kada daɗi ya kwashe ka ka zuba manyan kafasita a layin waya. Za su ɓata daidaiton layin, kuma ƙarfin wutar ringin ya isa ya fasa waɗanda ba sa jure wuta mai ƙarfi. Ka kuma ɗauki hoton yadda igiyar ta kwanta, don in ka matsa ta taki ɗaya gobe, fiton zai koma wani zango.

Mai Soldarin:
Na gode, Anti. Da rasista fiton ya ragu sosai, amma akwai saura wajen 160. Da safe zan duba ƙafafun amfilifayar sifika.