Za a gwada ƙullutun ina kan gadon tiyata, gwajin minti 20 abin dogaro ne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 41. Wata takwas ke nan da na fara jin ƙullutu a gefen dama na wuyana, in na haɗiyi yawu sai ya hau ya sauko. Na ɗauka maƙoƙo ne irin wanda aka saba gani. An yi hoto, aka ce a cikin tayirod yake, wato glandin da ke gaban wuya, santimita 3. Sau biyu ana soka mini siririyar allura ana zuƙo abin da ke ciki, amma sakamakon ya ƙi fitowa fili: ba a ce kansa ce ba, ba a kuma wanke shi ba.

Yanzu an sa ranar aiki. Likita ya ce za su cire ɓarin dama, su aika ɗakin bincike ina nan kwance cikin barci, in amsa ta dawo ba daɗi su cire duka. Abin da ke damuna ke nan. Allura biyu da aka yi kwanaki ana dubawa ba su gano ba, yaya gwajin minti 20 zai gano? Kada a raba ni da tayirod ɗina a banza in koma shan magani har ƙarshen rayuwa. Gwaggona ma an yi mata aikin wuya, ga ta da hawan jini mai taso mata farat ɗaya da gumi da bugun zuciya, don haka na san wahalar abin.

Abu Khalil:
Wa alaikumus salam Hajiya. A ɗakin binciken nama nake aiki. Idan naman ya iso, daskarar da shi muke yi a wata na'ura mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifili, mu yanka shi siriri fiye da fatar albasa, mu rina, likitan nama ya duba a madubi ya buga wa ɗakin tiyata waya. Yanka ɗaya ko biyu kawai yake gani, kuma ƙanƙara tana ɓata kamannin ƙwayoyin. Cikakken gwajin, wanda ake saka naman cikin kakin farafin, kwanaki yake ci.

Amfaninsa ya danganta da abin da ake zargi. Idan kansar tayirod mai suna papilari ce, wadda ta fi kowacce yawa, ko ana son a san ko ciwon ya shiga kaluluwar wuya, yana taimakawa sosai. Idan ƙarin irin wanda ake kira folikula ne, nan gizo ke saƙa. Mai illa da marar illa kamanninsu ɗaya, bambancin shi ne ko ƙarin ya huda ɓawonsa ko ya shiga jijiyar jini, kuma sai an bi ɓawon kaf ake ganewa. Shi ya sa allura ta kasa, gwajin ƙanƙara ma sau da yawa amsarsa ita ce a jira.

Sai waɗanda ba a cika gani ba. Limfoma ta tayirod, alal misali, wato kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, maganinta kimo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) da gashi da na'ura ne, ba wuƙa ba, don haka in aka hango alamarta likita yakan dakata maimakon ya ci gaba da yanka.

Ummu Fadil:
Ni "a jira" aka ce a nawa. Na farka da rabi, bayan kwana goma aka kira ni na koma aka cire sauran. Na yi kuka ranar, amma da na ji cire duka yana ƙara haɗarin dushewar murya da faɗuwar kalsiyum, sai na daina ganin laifinsu. Ki tambaye shi tun yanzu me zai yi in amsar ta zo a tsakiya.

Anti Nas:
Maman Ilham, maganar Gwaggonki ce ta tsayar da ni. Kin gaya wa likitanki? Akwai wata kansar tayirod da ba ta da yawa, medulari, kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita gadonta suke yi ta ƙwayar halitta mai suna RET. A irin wannan gida takan zo tare da ƙari a glandin da ke saman ƙoda, wanda ke sa jini ya hau farat ɗaya da gumi da bugun zuciya. Ba na ce shi ne ba, ƙanwata, hawan jini ya cika duniya. Amma in akwai shi, dole a gano kafin allurar barci, domin jini na iya tashi mummunan tashi ana tsakiyar aiki.

Medulari takan ɓad da kama a allura da a ƙanƙara, amma jini yana tona ta. Ki nemi a auna miki kalsitonin, wani sinadari da wannan kansar ke sa ya hau a jini. In ya hau sosai, tsarin aikin ya sauya tun kafin a shiga: ana cire tayirod duka, galibi har da kaluluwar tsakiyar wuya, domin ita ba ta jin maganin aidin mai tururin nukiliya da ake bai wa masu papilari daga baya.

Maman Ilham:
Wallahi Anti ban faɗa ba, da aka tambaye ni tarihin gida ciwon suga kawai na tuna. Na kira 'yar Gwaggo yanzu, ta ce takardun asibitin suna nan a akwati, za ta ɗauko ta turo mini hotonsu da daddare. Ranar Litinin nake da ganin likita. Na gode, Allah ya saka da alheri.